Fuskar da Ba a Nuna wa Ɗan Fari

Ni mai zane ne, kuma ba na son a koya mini aikina. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da aka taɓa ranar da autarmu ta tsaya a ƙofar shagona a Sabonjida, ta dubi hoton da na kwashe mako uku ina yi, ta ce, "Yaya, wannan ba Mma ba ce."

Ba Mma ba ce! To uwar wa na zana?

Na haura shekara ashirin ina riƙe da burushi a Tamale, arewacin Gana. Kawunan da ke jikin allunan masu aski daga bakin kasuwa har Nyanshegu, da yawansu hannuna ne. Na yi bayan manyan motoci, na yi allon masu tuwo. Amma abin da aka fi sanina da shi fuskar mamaci ne. Mutanen kudu da ke zaune a nan, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa, idan nasu ya mutu sukan so a yi masa babban hoto a jingine gaban rumfa ranar jana'iza. Yanzu inji yana buga irinsa a awa ɗaya, amma waɗanda suka san abu har gobe wurina suke zuwa. Sai su kawo ɗan hoton katin zaɓe, irin wanda kowa ke fitowa kamar an kama shi da kayan sata. Ni kuma in zaunar da su in yi ta tambaya. Me ke ba shi dariya? In ransa ya ɓaci shiru yake yi ko faɗa? Da amsarsu nake fito da mutumin. Na sha ganin matar mamaci ta shigo karɓar aiki ta zube ƙasa a gaban allon tana kiran mijinta.

Maigidan da ya koya mini aiki wani tsohon Bafante ne, mutumin kudu, mai Hausar kasuwa wadda ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. In na zana mutum yana washe baki sai ya fizge burushin ya ce, "Baki ba dariya ba ne. Duba fatar ido na ƙasa, shi ne yana dariya." A wurinsa na koyi cewa fushi tsakanin gira yake zama, baƙin ciki a gefen leɓe, gajiya kuma a yadda wuya ke riƙe kai. Shekara bakwai na yi ina wanke masa burushi da kananzir kafin ya yarda na iya.

To, autarmu ma'aikaciyar jinya ce, ita da mijinta suka gina gida a Jisonayili. Ta ce tana son hoton Mma babba a falo, na fenti, ba na inji ba. Ƙanena da ke bi mini ya ɗan yi gunaguni wai hoto a bango yana hana mala'iku shiga gida. Ta ce masa, "Talabijin ɗinka mai faɗin ƙofa fa, ta ina suke bi?" Ta ce za ta turo mini hotunan Mma ta waya in zaɓa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Hoton uwata za a turo mini? Ni da nake fito da fuskar mutanen da ban taɓa gani ba? Na ce ta riƙe hotunanta, daga kaina zan yi.

Kuma na yi. Wallahi har yau ina ganin ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba. Na sa mata mayafinta mai ruwan toka. Fuskar ta ɗan juya hagu, idanu a ƙasa, leɓe a haɗe, ga wata 'yar jijiya da ke tashi a gefen haɓarta in ta danne magana. Ban manta da ko tabon da ke ƙasan kunnenta ba. Ni a wurina mace ce mai kamun kai na zana, mai nauyi, wadda ba a yi mata wargi. Haka na san ta.

Auta ta zo karɓa tare da ƙanena. Na yaye zanen da na rufe allon da shi ina jiran a yi salati. Ba a yi ba. Sai ta faɗi waccan magana, ta ƙara da cewa, "Me ta yi maka, Yaya? Ka yi ta kamar wadda ta tsani duk wanda ya shigo ɗakin."

"Kamanni bai fito ba?" na ce, raina ya fara tafasa.

"Hanci nata ne, goshi nata ne. Amma Mma ba haka take ba."

Ƙanena ya matso ya leƙa allon, ya ce, "Ai ko haƙorin Makkanta ka sa ya ɗan leƙo."

Na ce, "Wane haƙori?"

Suka dubi juna. Shi ya fara dariya a zatonsa wasa nake yi, sai ya ga fuskata ya haɗiye dariyar. Ashe tun da ta dawo daga aikin hajji, shekara goma sha ɗaya a lokacin, tana da haƙorin zinariya can gefen dama ta sama, wanda ba ya fitowa sai ta yi dariya sosai. Jikokinta sun san shi. Mai kawo mata gawayi ya san shi. Ni da na je filin jirgi na ɗauko jakarta a kaina, ni da ba na kwana uku ban je gaishe ta ba, ban taɓa ganinsa ba.

Ni ne ɗan farinta. Wanda ya tashi a gidan Hausawa irin na da ya riga ya gane sauran bayanin. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su nan, suka zo da al'adarsu ba su bar ko ɗaya a hanya ba, har da wannan ta kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, uwar Baba, a cikin gida ɗaya, taku goma tsakanin ƙofa da ƙofa. Ina ganin Mma tana goya ƙannena, tana yi musu tawai, tana zagin su da sunansu in sun ɓata mata rai. Ni ko zagin ban samu ba. "Kai" nake, ko "shi wancan". Ni ma ban da abin kiranta. Kafin ta je Makka in samu "Hajiya" in riƙe, gyaran murya nake yi in na shiga. Kuma da na shiga sai ta gyara mayafi, ta sauke ido, ta haɗe baki. Na ɗauka haka Allah ya yi fuskarta. Shekara arba'in da bakwai ina kallon ƙofar da aka rufe don ni, ina ce mata fuska.

A daren... a'a, ban ma jira dare ba. Suna fita Auta ta turo mini bidiyo guda shida, na zauna a kan bokitin fenti na kalla. Ga wata tsohuwa tana tafa hannu a wurin suna, tana tsokanar amarya, tana jefa kai baya tana ƙyaƙyata dariya, zinariya na walƙiya. Kyakkyawa ce, mai barkwanci, irin matar da za ka so a ce uwarka ce. Na ji kamar in maka wayar da bango.

Da na so, da daga bidiyon nan na gama aikin cikin kwana huɗu. Abin da nake yi wa matattu ke nan kullum. Amma uwata ba ta mutu ba, tana nan bayan masallaci, tafiyar minti biyar daga shagona. In zauna ina kwafar fuskarta daga waya kamar baƙo? Na rantse ba zan yi ba. Na ce sai ta zauna a gabana ta dube ni, in gani da idona, sannan in zana.

Da na aika mata ta ƙi. Da Auta ta roƙe ta sai ta yarda, tana cewa, "Ku dai ba kwa rasa abin sa mutum." Muka sa safiya, bayan an sha koko, a tsakar gidanmu ƙarƙashin dalbejiya inda haske ke da laushi. Na kafa sabon allo, na fere gawayi. Ta fito ta zauna a kujerar roba da carbinta.

Ranar farko ta kalli ƙasa. Na ce, "Hajiya, ki ɗan ɗago." Ta ɗago ta kalli igiyar shanya. Na ce, "Nan za ki duba, wurina." Ta ce, "Yi aikinka mana." Awa biyu muka yi, ta kalli akuya, ta kalli buta, ta kalli farcen ƙafarta. Rana ta biyu na zo da dabara irin wadda nake yi wa masu jin nauyin zama. Na ba ta labarin wani mai aski da ya sa na zana masa kai goma sha biyu, dukansu da fuskarsa shi mai askin. Kowa na ba wa labarin nan sai ya yi dariya. Ita ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da jan carbi. Na koma shago ban ja layi ɗaya mai amfani ba.

Rana ta uku Auta ta biyo kafin ta wuce aiki. Na ji tsayuwar yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, a waje, na ji takunta, ta zo ta tsaya a bayana tana leƙen allon. Sai ta ce, "Mma, wannan zama haka kamar an kawo ki gaban alƙali? Ko tsohon saurayinki kike tunani?"

Kai! Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Fatar idon Mma ta ƙasa ta tattaro sama. Girar ta saki. Kumatun da na sani a zube suka ɗago, wuyan ya miƙe, jijiyar nan ta haɓa ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Ta ce, "Ja'ira, Allah ya shirye ki," ga zinariya a fili. Hannuna bai jira ni ba, gawayi ya hau gudu a kan allo. Na kama goshin, na kama gefen bakin, na zo ido. A nan na tsaya. Idanun a buɗe suke, cike da duk abin da na zo nema, amma ba a kaina suke ba. Ta saman kafaɗata ta dama suka bi suka wuce. Ina zaune a gabanta, tsakaninmu bai fi taku uku ba, kallon ya tsallake ni kamar yadda ake tsallake kwata.

Auta ta tafa hannu ta ce, "Ka gani? An gama! Kullum sai in zo in tsaya a bayanka, ita ta dube ni, kai ka zana."

Ita da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Ni kuwa ji na yi an watsa mini ruwan zafi. Na yi jifa da gawayin ya fashe a jikin bango. Na miƙe na ce, "Hajiya, me na yi miki?"

Fuskar ta rufe nan take. Ta ce, "Rage murya, akwai maƙwabta."

"Su ji! Su fito su ji! Ni ba ke kika haife ni ba? Tsintar ni aka yi a tasha? Faɗi sunana. Sau ɗaya, yau, ki faɗi sunana in ji yadda yake a bakinki."

Kun san abin da ta yi? Ta juya wurin Auta ta ce, "Yau kuma me ya same shi? Tambaye shi ko bai karya ba."

Tambaye shi! Ina tsaye a gabanta da furfura a gemuna, ina da 'ya'ya huɗu, ana aiken ƙanwar da na goya ta tambaye ni ko na ci abinci. Na faɗi maganganun da ɗa ba ya faɗa wa uwa, kuma ba zan maimaita su duka a nan ba. Na ce wa take jin kunya? Kaka ta mutu. Baba ya mutu. Gwaggwannin da za su yi mata dariya duk suna maƙabarta, ciyawa ta rufe su. Na ce an yi al'ada don mutane ne, to mutanen sun tafi sun bar ta tana gadin abin da ba mai tambayarta. Na ce ni aka yanka aka yi wa al'adar nan sadaka da ni, ba a ko tambaye ni ba. Auta tana kuka tana jan rigata tana cewa, "Yaya, don Allah, don Annabi."

Mma ta bari sai da na gaji. Sannan ta ce wa Auta ta shiga ciki ta kawo ruwa, kuma kada ta yi sauri.

Muka rage mu biyu. Tana murza carbi ba ta ja. Da ta yi magana, ƙasa take kallo, muryar kuma can ciki. Ta ce kwana uku da haihuwata ta ɗauke ni ta ɗora a cinya tana kallona, ta ɗauka ba kowa. Sai kakata ta ɗaga labule ta gan ta. Kafin azahar duk matan gidan da na maƙwabta sun ji, ana shigowa ana leƙa ta ana dariya, ana cewa ga marar kunyar da ke ƙare wa ɗan fari kallo. Har waƙa aka yi mata a wurin daka. Ta ce, "Sai na hana idona. Na hana shi, na hana shi, har ya hanu."

Na ce, "To yanzu ba kowa. Ni da ke ne. Ki dube ni."

Ta gwada, wannan ba zan hana ta ba. Na ga idon ya taso daga ƙasa ya zo gwiwata. Ya hau zuwa aljihun rigata inda fensir yake. Ya kai gemuna. Hannunta ya damƙe hannun kujera. Ya tsaya a gemun nan kamar mai hawan tsani da ya ji jiri. Ina jin numfashinta. Sai ya koma ƙasa gaba ɗaya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Ba zan iya ba. Ka yi haƙuri."

Duk wanda na ba wa labarin nan, a nan yake so in ce zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Na ji tausayinta, ƙwarai kuwa, amma tausayin bai kashe fushin ba, zama suka yi tare. Kuma kada wanda ya sake ce mini ai ta fi son ka a cikinsu, ai kai take ajiye wa tsokar da ta fi kyau, ai in ka yi zazzaɓi ba ta barci. Na ji, na gode. Matata ta faɗa, limaminmu ya faɗa, har maƙwabciyarmu 'yar kudu mai sayar da dokunu, tuwon masaransu, ta ce in na juya zan tafi Mma takan bi bayana da kallo har in sha kwana. To bayana ya ji daɗi. Ni fuska gare ni, kuma a gabanta nake zama.

Aikin dai na gama shi, don ban saba barin allo a rabi ba. Muka yi yadda Auta ta ce. Safiya biyar tana tsayawa a bayana tana zuba surutu, Mma tana dariya, ni ina tsakiya ina aiki kamar ɗan kwangila. Ba wanda ya sake ta da waccan magana. Na sa duk abin da na iya a hoton nan. Na haɗa launin fatarta sau tara kafin ya yi. Na bar gefen mayafin ya ɗan zame, yadda yake yi in ta manta da kanta.

Ido na bari ƙarshe. Duk mai zane ya san wannan: in ka daidaita ƙwayar ido tsakiya tana fuskantar gaba, hoton zai kalli duk wanda ya tsaya a gabansa, ko ta ina ya tsaya, har ya riƙa bin sa in yana tafiya. In ka gusa ta ko da kaurin tsinken ashana ne, ba zai taɓa kallon kowa ba. Na tsaya da ƙaramin burushi a hannu na daɗe. Da ɗigo biyu zan iya sa uwata ta dube ni, ta yi ta dubana har in mutu. Amma kallon da na ƙera da hannuna, in rataye, in zo in tsaya a gabansa ina jin daɗi? Tir. Na sa ƙwayar idon daidai inda na gan ta, ta saman kafaɗar dama. Na ce wa kaina gaskiya na zana. Gaskiya ce, amma ba zan ɓoye ba, akwai mugunta a ciki.

Aka rataye shi a falon Jisonayili, kowa ya yaba. Ƙanena mai maganar mala'iku har hoto ya ɗauka a gabansa. Mma da aka kai ta ta gani, ta rufe baki da mayafi ta ce wa Auta, "Ki ce masa ya iya." Ba wanda ya lura da idon, don mai idon tana nan, duk wanda ya so kallonta sai ya je Sabonjida ya samu.

Da damina ta zagayo ta kwanta ciwo, kwana tara ta rasu. Ina wurin, ina riƙe da ƙafarta. Ba ta dube ni ba.

Bayan addu'ar arba'in da kwana biyu Auta ta kira ni ta ce in zo gida yanzu-yanzu. Na same ta ita kaɗai a falo da rana tsaka, ta ture kujeru gefe, idanunta sun kumbura. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta tsaya gaban hoton, ta matsa dama, ta matsa hagu, ta ja baya har jikin taga, ta dawo ta hau kan ɗan tebur ta yi ɗage. Ta ce tun safe take yi. Ta sauko ta kama hannuna ta ce, "Yaya, tana ta dariya amma ba da ni ba. Wani take kallo a bayana. Kai ka yi shi, ka sani. Don Allah a ina zan tsaya ta dube ni?"

Na ce mata, "Ban sani ba, Auta. Ni ma tun ina yaro nake neman wurin."